Musayar Waƙa: Fuggerei, Unguwar da Hayarta Ba ta Tashi

Mai Tawada:
Ku taho mu leƙa Augsburg ta ƙasar Jamus,
Akwai 'yar unguwa da ta yi suna a duniya.
Fuggerei ake kiranta, ganuwa ta kewaye ta,
Attajiri Jakob Fugger ne ya zuba dukiya.
A 1516 aka ɗora tubalin farko,
A 1521 ya rattaba hannu a takardar gidauniya.
Gulden ɗaya, kuɗin zamanin, ya yanka wa shekara guda,
Santi 88 na Yuro ke nan, har yau shi ne haya.

'Yar Baiti:
Yaya Mai Tawada, ka tsallake wani gurbi,
Ba kuɗi kaɗai mazauna can suke biya.
Addu'a uku kullum ga Fugger da danginsa,
Tana cikin sharaɗi, ba a barin ta a baya.
Sai mabuƙaci, ɗan Katolika, mazaunin garin,
To sadaka ce ko ciniki? Ga tawa tambaya.

Dattijon Zaure:
'Yata, tambayarki ta kama hanya,
Mai ginin ya nemi lada, wannan gaskiya.
Amma ki dubi rabon da talaka ya samu,
Ƙofarsa tasa ce, tana fuskantar hanya.
Na hawan ƙasa da ɗan lambu a bayan ɗakinsa,
Ya shiga ya fita, babu gori, babu kunya.
Hatta marikin ƙararrawar ƙofar kowa,
Siffarsa daban, ba a ƙera su iri ɗaya.
An ce don mai dawowa cikin duhun dare
Ya laluba ya gane gidansa ba wuya.
Wanda ya tuna da talaka har a wannan,
Ni na shaida ya yi aikinsa da zuciya.

Mai Tawada:
Baba, ka tuna min Fabrairun 1944,
Bama-baman yaƙin duniya suka rushe yawancin unguwar, aka sha wuya.
Aka sake ginin, yau gida 67 ne a tsaye,
Kuɗin dazuzzukan gidauniya ke riƙe ta lafiya.

'Yar Baiti:
Na karɓa, Baba, mutunci ya samu mazauni,
Ƙarfe goma na dare a rufe ƙofa don kariya.
Mai latti ya ba mai gadi ɗan canji ya wuce,
Wannan duk na yarda, ban da abu ɗaya:
Maƙwabcin da ke da buƙata, addininsa daban,
Da an buɗe masa, da na fi yabon gidauniya.