Ido lafiya lau, amma gani ya rikice

Tun da ƙanen maƙwabcinmu ya faɗi a babur a hanyar Daura ya bugu a kai, sai ya riƙa karo da bakin ƙofa, ya ci rabin tuwo ya bar ɓangaren hagu. Wasu suka ce aljanu ne. Da muka zauna a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, har da ma'aikatan lafiya biyu, ga abin da na tsinta.

Sau da yawa idon ƙalau yake. Ƙwaƙwalwa ce ke auna nisa da wurin da abu yake, kuma idan ɓarinta na dama ya taɓu, mutum kan manta da hagunsa gaba ɗaya, bai ma san ya manta ba. Wannan ya fi taɓa ni, domin an sha yi wa yaron nan faɗa ana cewa sakaci ne. Wani kuma abu ɗaya yake gani biyu, ko ya miƙa hannu ya kuskure kofi.

An ce a daina sauya wa kayan ɗaki wuri, a ƙara haske, a kawar da buta da takalma daga hanya. A koya masa juya kai hagu kafin ya taka. Wajen karatu a sa jan zare a gefen hagu na shafi, ya riƙa nemo shi da ido.

Hawa babur kuwa a haƙura sai likita ya yarda. A nemi masu gashin ƙashi da likitan ido. In amai, farfaɗiya ko ciwon kai mai ƙaruwa suka biyo baya, a garzaya asibiti nan take.