Idan rubutu ya yi wuya kuma babu na gaba da kai a wurin aiki, wa kake tuntuɓa?

Editar shafin labarai na intanet, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina so mu tattara abin da kowannenmu ya gani da idonsa game da wani hali da nake jin yawancin masu gyaran rubutu a garin nan suna ciki yanzu, wato yin aikin edita kai kaɗai, ba tare da wani babba da zai bi bayan aikinka ba. A inda nake aiki, wakilai suna turo rahotanninsu ta WhatsApp, ni ce mai tacewa, ni ce mai sa kanu, ni ce kuma mai wallafawa, don haka duk abin da ya bar hannuna ya isa ga mai karatu ke nan. Kwanakin baya wani rahoto ya zo mini a kan rikicin fili tsakanin iyalai biyu, wakilin ya ji ta bakin ɓangare ɗaya kawai, ya kuma ambaci sunayen waɗanda ake zargi alhali maganar ba ta je gaban kotu ba. Na riƙe labarin har washegari, na cire sunayen, na sa aka nemi ɗaya ɓangaren, amma na yanke wannan hukunci ne ba tare da na sami wanda zan yi shawara da shi ba, kuma mai shafin bai ji daɗin jinkirin ba. Lokacin da irin wannan ya same ku, ko a labari ko a littafi, wa kuka nufa, me kuka samu a wurinsa, kuma ta wace hanya kuke ƙara ƙwarewa tun da yanayin aiki ya raba mu da juna?

Tsohon mataimakin edita, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, 'yata. Hukuncin da kika yanke daidai ne, kuma da a ɗakin labarai na da ne, da ba ki ɗauki nauyinsa ke kaɗai ba. Mu a zamaninmu ba a aji muka koyi wannan aiki ba. Za ka gyara labari ka miƙa wa na gaba da kai, ya bi shi da jan biro a gabanka, ya tambaye ka dalilin da ya sa ka bar wata jimla ko ka cire wata, kuma in ba ka da amsa sai ka koma ka sake. Haka aka gaji abin tun daga Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, suna aiki tare da Dokta Rupert East. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan jaridar New Nigerian ta fara fitowa a nan Kaduna a 1966, sai ya zama akwai gidajen da matashi zai shiga ya tarar da manya a zaune, ya koya ta hanyar kallo da shan gyara.

Ni ban san kaɗaicin da kike magana a kai ba sai bayan da na ajiye aiki, lokacin da wasu iyali suka kawo mini tarihin mahaifinsu, wanda ya yi hakimci, don in gyara kafin a kai maɗaba'a. Matsala biyu na tarar. Ta farko, shekarar naɗinsa ta saɓa a babi biyu, kuma kowane ɗa yana da tasa ruwayar. Wannan ba ta buƙaci shawarar kowa ba, ta buƙaci tafiya ce, sai na je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, inda ake ajiye fayilolin larduna na zamanin Turawa, na kuma leƙa Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana takardun tarihi da ke titin Rabah, har na sami takardar da ta raba gardama. Ta biyu ita ce mai nauyi: akwai babi guda da ya tono wata tsohuwar rigima ta cikin gida, wadda waɗanda ta shafa suna raye. Na rasa ko in ba da shawarar a cire shi ko a sassauta harshensa. Sai na ɗauki babin, da izinin masu littafin, na kai wa wani tsohon abokin aikina a Zariya, muka zauna muka karanta shi layi bayan layi. Shi ne ya nuna mini cewa abin da ya faru ba shi ne matsalar ba, siffofin da marubucin ya liƙa wa mutane su ne matsalar, kuma da muka cire su babin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da an ɓoye tarihi ba. Na yi shekaru a wannan sana'a, amma ban ga wannan mafita ba sai da ido na biyu ya shiga.

Mai gyaran littattafan hikaya, Rigasa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu da muka shigo ta ƙofar littattafai ba mu taɓa samun wannan jan biro ba. Yawancin waɗanda nake yi wa aiki mata ne da suka fara rubutu a waya, suna sakin labari kashi-kashi ga masu karatunsu, daga baya su so a haɗa shi ya zama littafi. Abin da na fi fama da shi kullum shi ne raba kalmomi da haɗa su, a rubuta "ya na" a maimakon "yana", ko "zasu" a maimakon "za su", ko a kasa bambanta "a kan tebur" da "akan yi". Wannan na iya shi da taimakon littattafan ƙa'idojin rubutu da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wani lokaci kuma in koma ƙamusun Bargery na 1934 idan tsohuwar kalma ce.

Wanda ya tsayar da ni shi ne littafin wata baiwar Allah 'yar Sakkwato, wadda ta rubuta komai da karin harshenta, "shina" da "mi" da "wanga" tun daga shafin farko har na ƙarshe. Wanda zai biya kuɗin bugu ya ce a mayar da shi daidaitacciyar Hausa gaba ɗaya don ya sayu a Kano da Kaduna, ita kuma ta ce in aka yi haka an kashe mata mutanen cikin labarin. Ina ganin tana da gaskiya, amma ba ni da hujjar da zan kare ta da ita. Na tuntuɓi wata malama da ta koyar da ni a jami'a, ta ce in bar karin harshen a bakin taurarin labarin, in daidaita muryar mai ba da labari, sannan in rubuta wa kaina takarda guda da ke ɗauke da duk hukuncin da na yanke, don kada in rubuta kalma ɗaya iri biyu a littafi ɗaya. Ta kuma tuna mini cewa daidaitaccen rubutun nan yarjejeniya ce da mutane suka zauna suka yi, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, kuma an yi shi ne don a fahimci juna, ba don a shafe yadda Basakkwace yake magana ba. Tun daga lokacin kowane littafi yana da tasa takardar, kuma nakan ba marubuciya kwafinta, domin na lura cewa wadda ta karɓa takan dawo da littafi na gaba da ƙarancin kurakurai.

Editan labarai a gidan rediyo, Kawo:

Nawa gajere ne, Hajiya. A rediyo ba mu da damar riƙe labari har gobe. A 2020, lokacin annobar korona, sanarwa tana zuwa da Turanci saura mintoci a shiga labarai, kuma dole a fitar da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Abin da ya cece ni shi ne waya: nakan kira takwarana na wani gidan rediyon, in karanta masa jimlar da ƙarfi, shi ma ya karanta mini tasa, mu tsaya a kan wadda ta fi sauƙi a kunne. Duk da gasar da ke tsakanin gidajenmu, mun ga cewa idan kowa ya fito da tasa kalmar mai sauraro ne zai ruɗe, kuma a maganar lafiya ruɗani yana iya kai wa ga asarar rai. Har yau ba mu daina wannan kiran ba.

Edita mai zaman kansa, Barnawa:

Ina girmama abin da manyanmu suka faɗa, amma ina so in ƙara wani ɓangare. Kowa a nan ya sami mafita ne saboda ya riga ya san wani, tsohon abokin aiki ko malamar jami'a ko takwara. Wanda ya fara jiya ba shi da lambar kowa. Ƙungiyoyin da muke da su kowace da inda ta sa gaba: ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, wadda aka kafa a 1955, ta ma'aikatan kafofin watsa labarai ce, ƙungiyar editoci ta 1961 ta manyan editocin waɗannan kafofin ce, ƙungiyar marubuta ta ANA kuma, wadda ta fara a 1981, ta masu ƙirƙirar rubutu ce. Mai gyaran littafin Hausa ko kundin ɗalibi ko rahoton wata ƙungiya a ɗakinsa yana tsakiya, bai san inda zai jingina ba. Tarukan ƙara wa juna sani da na halarta sun amfane ni wajen tantance gaskiyar labari da hoto, sai dai kusan duka da Turanci aka yi su, kuma babu inda aka ɗora sakin layi na Hausa aka ce mu gyara tare.

Halin da ya same ni ya shafi kuɗi. An kawo mini rubutu mai tsawo aka ce duba kurakurai kawai ake so, muka yi ciniki a kan haka, da na shiga ciki sai na tarar yana buƙatar a sake gina shi tun daga tushe, mai aikin kuma ya ƙi ƙara ko sisi. Wani dattijo da na haɗu da shi a bikin baje kolin littattafai na Kaduna ne ya koya mini in riƙa karɓar shafuka kaɗan in gwada kafin in faɗi farashi, in kuma rubuta wa mai aiki bambancin duba kurakurai da gyaran jimla da sake tsari, kowanne da kuɗinsa. Shawarata ita ce mu riƙa zama lokaci zuwa lokaci, a raba shafi ɗaya ga kowa, kowa ya gyara, sannan a kwatanta a ji dalilai. Na san wanzami ba ya son jarfa, kuma da yawa daga cikinmu ba za su so a ga gyaransu a fili ba, shi ya sa nake roƙon Baba ya fara kawo nasa. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba, kada a kawo rubutun kowa sai da izininsa, domin amana ce aka ba mu.

Mai tsara shafuka a maɗaba'a, Kakuri:

Ni ba edita ba ne, amma aikinku a hannuna yake ƙarewa, kuma ina roƙon a sa mu cikin wannan zama. Sau da yawa edita yakan gama gyaransa tsaf, a turo mini fayil, in buɗe in tarar ɓ da ɗ da ƙ sun koma akwatuna ko alamar tambaya, saboda samfurin haruffan da aka zaɓa ba ya ɗauke da su. Idan ana gaggawa, wani mai tsarawa sai ya mayar da su b da d da k ya wuce, littafi ya fito da kuskuren da ba na edita ba, amma sunansa ne a ciki. Lokacin da hakan ya fara faruwa da ni ban san wa zan kira ba, domin marubucin ne ya kawo aikin, kuma bai ba ni lambar wanda ya gyara ba. Yanzu ba na tura komai ga injin sai editan ya ga shafukan da aka tsara ya sa hannu, ko da hakan zai ja kwana guda. Duk wanda yake so ya ga yadda rubutunsa ke komawa shafi, da inda layi ke karyewa da yadda ake raba kalma a ƙarshensa, yana iya zuwa ranar Asabar da hantsi, lokacin da aiki ya yi sauƙi, ya taho da fayil ɗinsa mu buɗe tare.