Aikin mai ɗaukar hoto a asibiti: danna maɓalli ne kawai?

Uwar 'Yan Biyu, Kawo:
Assalamu alaikum. 'Yata ta nace sai ta karanta ɗaukar hoton asibiti, babanta kuma ya ce ai danna maɓalli ne, ba ya buƙatar jami'a. Don Allah masana ku warware mana.

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya. Karatun shekara 5 ne, akwai shi a BUK, Danfodiyo da Maiduguri, sai horon shekara ɗaya a asibiti, sannan rajista da RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta Najeriya, wadda aka kafa a 1987. Mai hoto shi ke fito da hoton, likitan hoto kuma ya karanta ya rubuta sakamako.

A gaya wa Alhaji ya dubi hoton ƙirji kawai. Za a tsayar da mutum ƙirjinsa manne da allon ɗaukar hoton, fitilar da ke fitar da hasken X-ray na bayansa da nisan santimita 180, don in ta matso zuciya za ta fito da girman da ba nata ba. Ya ɗora hannu a ƙugu ya turo kafaɗu gaba, allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Ya ja numfashi ya riƙe. In bai ja sosai ba, huhu lafiyayye sai ya yi kamar mai ciwo. Kafin nan an cire sarƙa, laya, fil ɗin hijabi da rigar mama mai ƙarfe, har doguwar jelar kitso a ɗage ta sama, domin tana barin inuwa. In aka manta alamar dama da hagu kuwa, ana iya yi wa ɓangaren da ba shi ba magani.

Anti Barnawa:
Ƙari a kan bayanin Malam: rabin aikin tambaya ce. Mace a tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe saboda juna biyu. Kafin allurar ruwan aidin mai fito da hoto a CT (hoton X-ray na kwamfuta) a duba gwajin ƙoda, a tabbatar kanula (robar da ake sawa a jijiya) ta zauna daram, in ba haka ba ruwan ya tsiyaye ƙarƙashin fata hannu ya kumbura. MRI, hoton da ake yi da maganaɗisu, ya fi tsanani, maganaɗisunsa a kunne yake dare da rana ko ba a hoto. Tukunyar oksijin ta ƙarfe ko keken mara lafiya, fizge su zai yi. Mai na'urar bugun zuciya ba ya shiga sai an tantance irinta.

Uwar 'Yan Biyu, Kawo:
To maganar da ake yi cewa hasken na hana haihuwa fa?

Ɗan Tudun Wada:
Ki kwantar da hankalinki Hajiya. Bayan bango da gilashi mai dalma 'yarki za ta riƙa tsayawa, in dole ta shiga ɗakin ta sa rigar dalma. Akwai ɗan bajo da za ta maƙala yana auna hasken da ya taɓa ta, iyakar ma'aikaci milisibat (ma'aunin hasken) 20 ne a shekara, kuma mai bin ƙa'ida ba ya kusantar haka. Sikanin ultrasound (irin na masu juna biyu) da MRI ma ba sa amfani da irin wannan hasken. Abin da za ta riƙa kuka da shi ciwon baya ne, saboda ɗaga marasa lafiya da kwanan aiki.