Karatun tarot ko duba? Yadda aka kwashe a zauren 'yan uwa

'Yar Maraɗi: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya a masaukin ɗalibai nan Marseille ta Faransa abokiyar zamana ta baje katin tarot a tebur (wata karta ce mai zane da wasu ke fassarawa don faɗar abin da zai faru), na ɗau hoto na sa a WhatsApp. Kafin magariba har an kai wa Inna labari wai na shiga bokanci! Abin da na rubuta kawai shi ne karatun tarot akwai salon katin Marseille da na katin Landan, kuma na Marseille ya fi wuya. Katin 78 ne, manya 22, ƙanana 56. A na Marseille ƙananan ba hoton labari, takubba biyar ne tsura ko kofuna uku, mai karatu ne zai haɗa lamba da alama da kansa. Na Landan kuwa, wanda Pamela Colman Smith ta zana a 1909, kowane kati da hotonsa, mutum ya kalla ya faɗi abin da ya zo masa a rai. Ina laifina a nan?

Baban Khalifa: Ƙanwata, "karatu" kika ce? Karatu na allo ne da na boko. Wannan sunansa duba.

'Yar Maraɗi: Yaya, haka masu abin suke kiransa.

Baban Khalifa: Mai bugun ƙasa ma ilimi yake kiran nasa. Hadisi na nan a Sahihu Muslim: wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Ɗan Damagaram: To ita ta tambaya ne? Kallo ta yi. Kuma asalin abin karta ce. A arewacin Italiya aka fara buga ta wajen 1440, har yau Faransawa na wasa da ita. Sai ƙarni na 18 aka shigo da duba ciki.

Maman Ilham: Karta kuma ai caca ce. An gudu ba a tsira ba.

Ɗan Sabon Gari: Ni na ji daga Fir'aunan Masar abin ya fito.

Ɗan Damagaram: Wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ne ya ƙago wannan zancen a 1781, ba shi da hujja. Kartar wasa ce ta shiga Turai daga Masar ta zamanin sarakunan Mamluk.

Ɗan Sabon Gari: Ka dai ce Masar da bakinka. Ku 'yan Nijar komai sai kun kare Faransa.

Ɗan Damagaram: Mu da muka kori sojojinsu a 2023? Malam, iya bakinka.

Maman Ilham: Ni damuwata wanda ya kai wa Inna gulma. Yana cikin zauren nan, ya ji tsoron Allah.

Hajiya Babba: Gaskiya ce aka faɗa, ba gulma ba. 'Yarmu ce, dole a sa ido.

Maman Ilham: Hajiya, ashe ke ce?

Hajiya Babba: Ban ce ni ce ba, 'yar nan.

Baban Khalifa: A matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda duba ne, kalmar karatu ba ta dace ba. Tarihin da aka kawo bai canza komai ba. Ƙanwata ta gane kuskurenta, za ta goge hoton. Na rufe maganar.

'Yar Maraɗi: Yaya, ban ce haka ba. Kuma ba wanda ya taɓo maganar Marseille da Landan ɗin. Bari in ɗaga waya, ga Inna tana sake kira.