Neman shawara: GPS na mota zan saya ko wayata ta isa? Kano zuwa Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ƙarshen wata in sha Allah zan kai iyali Legas bikin ƙanwar matata, da motata za mu, kuma ni iyakata Abuja, ban taɓa tsallaka Lokoja da kaina a sitiyari ba. Wani ya kawo min Garmin tokumbo, wato na'urar GPS ta mota, yana so in saya, wani kuma ya ce in je a sa min allon Android a dashbod. Wanne ya fi, ko duk ɓarnar kuɗi ce? Abin da nake tsoro shi ne sabis ya ɗauke a daji ga yara a mota.

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Alhaji kafin ka ba da ko sisi ka kunna Garmin ɗin a gaban mai shi ka rubuta Okene ka gani. Yawancin tokumbon nan taswirar Amurka ce a ciki, sai ka nemi wanda zai loda maka ta Najeriya a memori, kuma ko an loda ba lallai ta san sabbin tituna da gadoji ba. Ni dai ba zan saya ba.

Injiniya: Maganar sabis ka kwantar da hankalinka yallaɓai. GPS na waya da tauraron ɗan'adam yake aiki, ba ruwansa da layinka, taswirar ce kawai ke cin data. Ka buɗe Google Maps a gida inda akwai intanet mai ƙarfi ka sauke taswirar hanyar, sai dai ba za ta shiga a yanki ɗaya ba don tafiyar ta kai kilomita 1,000 har da ɗoriya, ka sauke Kano zuwa Abuja daban, Abuja zuwa Akure daban, sannan Ibadan da Legas. Abin da za ka rasa in babu data shi ne labarin go-sulo. Ka ƙara da wata manhajar taswira ta waya kamar Organic Maps ko OsmAnd saboda ko-ta-kwana.

Direban Kwanar Dawaki: Ranka ya daɗe duk wannan gaskiya ne amma ka ji nawa. Waya gajeriyar hanya take nema, ba ta san inda ake tare mutane ba. Daga Kaduna tana iya cewa ka bi Birnin Gwari ka ɓulla Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori. Wallahi kar ka bi da iyali don waya ta faɗa. Ana gobe tafiya ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka shigo ranar, su suka san inda hanya ta lalace da inda ba a bi bayan la'asar. Ka bi ta Abuja, ka kwana a can ko Lokoja, asuba ta gari ka ɗau hanya. In damina ce ka tambayi Koton Karfe, a 2022 ruwa ya rufe titin nan motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Maman Hanan: Yaya ka sayi abin maƙale waya na bakin AC, in ka manna ta jikin gilashi rana za ta gasa ta ta mutu ana tsakar tafiya. Da caja mai kyau ta mota. Kuma ka bar wa madam latse-latsen, 'yan Road Safety suna kamawa in sun gan ka da waya a hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Garmin na fasa. Malam direba don Allah daga Okene fa, ta Owo da Akure zan bi ko akwai wadda ta fi lafiya yanzu?