Ina ya kamata make install ya ajiye filogin ɗin burauza?

Aminu_Kabuga:
Assalamu alaikum. Muna haɗa wata 'yar manhaja da CMake (kayan aikin tsara ginin manhaja da girka ta) wadda za ta sa na'urar ɗaukar zanen yatsa ta yi magana da burauza, a kwamfutocin Ubuntu na wani shago a Zoo Road. Prefix ɗinmu, wato babban folda da make install ke zuba fayiloli a ƙarƙashinsa, /usr/local ne. An girka lafiya lau, amma Firefox ko alamarta bai gani ba. In ci gaba da bin prefix, ko in tilasta wani wuri?

Sani_Gwale:
Wa alaikumus salam. Wane irin filogin tukuna? In tsohon NPAPI ne, wato fayil ɗin .so da ake zubawa a /usr/lib/mozilla/plugins, kar ka ɓata lokacinka. Chrome ya rufe wannan ƙofa a siga ta 45 a 2015, Firefox 52 ya bi sahu a 2017, Flash kaɗai aka ɗaga wa ƙafa har zuwa 2021.

Yanzu extension ake yi, a haɗa da native messaging, wato hanyar da extension ke musayar saƙo da wani shiri da ke kan kwamfuta. Abu biyu ke nan za ka girka, kuma kowanne da gidansa. Shi shirin ya bi prefix, ba laifi ya zauna a /usr/local/libexec. Amma ƙaramin fayil ɗin JSON da ke nuna wa burauza inda shirin yake, wannan burauza ce ke da ikon faɗin wurinsa. Firefox na leƙa /usr/lib/mozilla/native-messaging-hosts, Chrome na leƙa /etc/opt/chrome/native-messaging-hosts, Chromium kuma /etc/chromium/native-messaging-hosts. A cikin JSON ɗin ka rubuta cikakken path tun daga /, sannan sunan fayil ɗin ya yi daidai da abin da ka sa a "name".

Hauwa_Tarauni:
Ƙari kan bayanin Malam Sani: kar ka ɗora wurin JSON a kan CMAKE_INSTALL_LIBDIR, wato variable ɗin CMake na foldar lib. A Debian da Ubuntu, in prefix /usr ne, yakan zama lib/x86_64-linux-gnu, Firefox kuwa ba ya zuwa can. Ka ware masa variable nasa daban, domin mai haɗa kunshin wani distro ya iya sauyawa. Ka kuma mutunta DESTDIR, wato foldar wucin gadi da ake karkatar da girkawa zuwa cikinta, in ba haka ba wanda ke gwaji ba da sudo ba zai sha "permission denied". JSON ɗin ma iri biyu za ka fitar, don Firefox na neman allowed_extensions, Chrome na neman allowed_origins.

Aminu_Kabuga:
Na gode ƙwarai. Na mayar da fayil ɗin JSON wuraren da kuka faɗa, Chrome ya kama nan take, Firefox har yanzu shiru.

Hauwa_Tarauni:
Ubuntu nawa ne? Tun daga 21.10 Firefox ɗin da ke zuwa da shi na snap ne (wani nau'in kunshin manhaja na Ubuntu), a killace yake, ba ya taɓa fayilolin tsarin kai tsaye. Buga snap list firefox ka gani. In ya fito, gwada da Firefox na .deb daga ma'ajiyar Mozilla kafin ka sake taɓa CMake ɗin.