Neman kalma: ramin nan na tsakiyar wili, yaya za mu kira shi?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar koyar da yaran kanikawa yadda ake daidaita wilin kasuwa, wato wanda ba shi ya zo da mota ba, da motar a-kori-kura. Gobe da safe za a buga ta. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: "hub", "hub bore", da "hub-centric ring". Na biyun na sa "ramin tsakiya", amma bai kwanta mini ba. A taimaka.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a san jaririn tukuna. In ka cire ƙafar mota za ka ga faifan ƙarfe mai ƙusoshi, shi ne "hub", a tsakiyarsa akwai wani wuya da ya ɗan fito. Wannan wuyan shi ke shiga ramin tsakiyar wili ya tsayar da shi daidai. Faɗin ramin shi ne kalmarka ta biyu, da milimita ake aunawa.

Inda yara ke ruɗewa: motoci da yawa ƙusa shida gare su a kan da'irar milimita 139.7, sai su ɗauka duk wilinsu ɗaya ne. Hilux mai ƙusa shida wuyanta 106.1. Ranger ta 2011 zuwa sama 93.1. Silverado 1500 tana da 78.1, L200 ta 2006 zuwa sama 67.1. Wilin Ranger ƙusoshinsa sun dace da Hilux, amma ba zai shiga ba, wuyan ya fi ramin. Na Hilux kuwa zai shiga Ranger har da sararin milimita 13, wato 6.5 ko'ina a kewaye. F-150 mai ƙusa shida da Navara samfurin D40 da D23 ba su ma cikin wannan lissafi, ta farko da'irar ƙusoshinta 135 ce, ta biyu 114.3.

Malamin Nahawu: "Rami" yana da gindi, wannan kuwa ya ɓulle ta baya. "Huda" sunan aiki ne, kuma kunne mutum zai fara tunawa. "Kafa" ta dace, sai dai ranar da aka buga ba tare da lanƙwasa ba za a samu "kafar kafa", babu mai gane ta. Ni na fi son "gurbi", domin gurbi wuri ne da aka tanada wani abu ya zauna cif. Faifan a kira shi cibiya. Ka ga an sami "gurbin cibiya", awon kuma "faɗin gurbin cibiya".

Injiniya: Allah gafarta Malam, gurbi ya yi. Amma cibiya da yawa za su ɗauka ita ce ramin, tunda ta jikin mutum lotsawa take yi.

Malamin Nahawu: To, Hajiya, ga cibi nan, wanda ya turo waje. Cibi a jikin mota, gurbinsa a jikin wili.

Tsohon Bakanike: Malam, ranar da na ce wa yaro ya kankare tsatsar cibi, ai cibi ya zama ƙari. Hob muke cewa, kowa ya sani.

Mai Kishin Harshe: Wannan ita ce matsalarmu. Hob, wili, noti, wosha, ina Hausar take? Kuna da "gargare" kun bari kuna cewa wili. Zoben da ake tambaya kuwa, wato "hub-centric ring", sunansa na nan tun kaka da kakanni: gammo. Zagayayye ne, tsakaninsa fanko, yana shiga tsakanin kaya da mai ɗaukar kaya. Malam Mai Fassara, rubuta "gammon gargare" ka huta.

Injiniya: Siffar ta yi kama, Malam, amma aikin bai yi ba, kuma nan haɗarin yake. Gammo kaya yake ɗauka. Zoben nan ba ya ɗaukar nauyin mota. Abin da ke riƙe ƙafa shi ne matsin da notuna ke yi: suna manne bayan wili da fuskar faifan har su kama juna kam, nauyi ya bi ta nan. Aikin zobe ɗaya ne, ya tsayar da wili a tsakiya kafin a ɗaure. Shi ya sa ake yin sa da roba mai tauri ma, ba a ganin laifi.

Yaron da ya karanta "gammo" zai ce tunda ya sa gammo ai ko bai ɗaure noti da awo ba babu komai. Wani kuma zai ga na roba ya ce ba zai iya kaya ba, ya jefar. Dukansu biyun kalmar ce ta ɓatar da su.

Ga abin da ya kamata sunan ya nuna. Masu ƙera wilin kasuwa da gangan suke buɗa gurbin, 106.1 ko 108 ko 110, don wili ɗaya ya shiga motoci da yawa. Zobe ke cike gibin. Awo biyu gare shi: na waje daidai da gurbin wili, na ciki daidai da wuyan mota. Wili mai 106.1 a kan L200 yana son zoben 106.1 zuwa 67.1, kaurinsa 19.5. Mai 108 a kan Hilux kuwa kaurin zobensa bai kai milimita ɗaya ba. In aka ɗora ba zobe aka ɗaure a karkace ko da rabin milimita, sitiyari zai riƙa rawa, galibi tsakanin kilomita 80 da 110 a awa, a yi ta kai ƙafa balansi ba ta daina ba, domin injin balansi a tsakiya yake kama wili, mota ce ba ta kama shi a tsakiya ba. Ni "zoben ciko" nake ba da shawara.

Mai Kishin Harshe: Ciko ai na haƙori ne da na buhu. Kuma Hajiya, a maganarki guda na ƙirga sitiyari, balansi, noti. Sauran al'ummu suna ƙera kalmominsu, mu kullum aro.

Malamin Nahawu: Ranka ya daɗe, "mota" fa? Da "birki" da "taya"? Kalmar da ta ɗauki jinsi da jam'i ta zama 'yar gida: noti, notuna, mota, motoci. Gargare kuma na wasan yara ne, ba a ɗora masa tan guda.

Mai Hilux: Ni abin da ya dame ni daban ne. Don Allah a cire "a-kori-kura". Wannan suna na tsofaffin motocin dako ne. Wanda ya sayi wilin alminiyam ya ƙawata motarsa ba zai ɗauki takardar da ta kira ta haka ba.

Tsohon Bakanike: Alhaji, buɗaɗɗen baya gare ta ko babu? To a-kori-kura ce, ko da kujerun fata.

Mai Kishin Harshe: Nan kam ina tare da Baba. Kalma ɗaya tilo ta Hausa tsantsa a takardar, ita ake son korewa don jin kai.

Mai Hilux: Ba jin kai ba ne. A sa "mota mai buɗaɗɗen baya", kowa ya shiga.

Mai Fassara: Jama'a dare yana yi. Baba, kafin a koma kan suna, na turo maka sakin layin matakan ɗora wili, a duba mini ko na tsallake wani abu.

Tsohon Bakanike: Ka tsallake uku. Na farko awo. A auna da ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke zamewa, ba tef ba, kuma ta bayan wili, domin ramin gaba na murfin ado ne, faɗinsa daban. Bakin gurbin yana da ɗan gangare, a wuce shi a auna miƙaƙƙen bango. Wuyan mota a goge tsatsarsa da burushin waya kafin awo. Kada a dogara da sunan mota kawai: Tacoma ta daɗe a kan 106.1, ta 2024 ta koma 95.1.

Na biyu, in gurbi ya yi ƙanƙanta ba a duka, ba a goga da zarto, ba a jawo shi da noti. Wili zai rataye a kan wuya bai manne da faifai ba, notuna su saki a hanya, ƙusa ta karye. Ko dai a canza wili, ko a buɗa gurbin a injin sassaƙa ƙarfe in naman wilin ya isa.

Na uku noti. Wilin alminiyam na asali na Toyota notinsa mai wosha ne, shimfiɗaɗɗe. Yawancin na kasuwa mazaunin notinsu kamar mazurari yake, digiri 60. Ba a haɗa wannan da wancan. A ɗaure da hannu ƙafa tana sama, ana tsallakawa daga ƙusa zuwa wadda ke fuskantarta, sannan a ƙarasa da sifanar awo daidai da littafin motar. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa.

Injiniya: A ƙara layi ɗaya kan zoben: na roba ba ya tsatsa amma zafin birki na iya lauye shi in ana jan tirela, na alminiyam yana jure zafi amma yakan manne da wuyan in ba a shafa masa ɗan man hana kamu ba. Kuma in za a mayar da wilin asali ko safaya, a tabbata tsohon zobe bai maƙale a wuyan ba, in ba haka ba wilin ba zai zauna ba.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan kai: "faɗin gurbin wili" na awon, "wuyan hob" na abin da ke shiga, "zoben ciko" na zoben. Cibiya na bar ta, ba zan sa ba. A kan take zan sa a-kori-kura, a cikin rubutu "mota mai buɗaɗɗen baya" sau ɗaya.

Malamin Nahawu: Gurbi ya tsira, ba laifi. "Wuyan hob" dai ban so shi ba, amma ba ni da wanda yara za su karɓa kafin gobe.

Mai Kishin Harshe: A buga haka nan. Amma a jerin kalmomin ƙarshen takarda a rubuta cewa wasu na kiran sa gammo.

Injiniya: Waɗanne wasu, Malam? Kai kaɗai ne.

Mai Fassara: Babu jerin kalmomi, shafi biyu ce duka. Sai bugu na gaba.